Rasuwar Guzuma, Wayar Baba Jalo

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da ciki mai tashi har yau in an tuna wurin da abin ya faru, Baba Jalo na unguwar Dogo Tebo a Potiskum yake sanar da 'yan uwa da abokan arziki, da dukan 'yan guruf ɗin Watsaf na Masu Hoton Fure, rasuwar wayarsa Guzuma. Ta cika ranar Asabar da hantsi a kan teburin Zarami mai gyaran waya, bayan jinyar kwana uku. Shekararta huɗu a hannunsa. Shekarun da ta yi kafin nan Allah kaɗai ya sani, don 'yarsa Ramlat ce ta kawo masa ita bayan ta gaji da ita, kuma ita ma ba sabuwa ta samu ba. Shi ya sa ya raɗa mata sunan da makiyaya suke kiran tsohuwar saniya.

Marigayiya mai haƙuri ce. Fuskarta ta tsage tun daga kunne har haɓa, ba ta taɓa yin ƙorafi ba. Batirinta ya kumbura har murfin baya ya ƙi zama, aka ɗaure ta da roba, ta ci gaba da aiki da ɗaurinta kamar mai ciwon baya. Maganarta biyu ce a duniya. In saƙo ya shigo ta ce “tilin”, in ta ɗauki hoto ta ce “ƙyas”. Babban halinta kuwa, wanda ya jawo mata zagi har ƙarshen rayuwarta, shi ne ba ta iya ƙarya ba. Abin da idonta ya gani shi take nunawa, na gaba da na baya, duka tar.

Wanda bai san Baba Jalo ba, ya sani cewa a aji huɗu ya bar makaranta ya bi shanu, shekara arba'in, kafin gwiwa ta zaunar da shi a gari. A dajin nan ya koyi kallon abin da mutane suke takawa su wuce. Ya san furen tumfafiya, ya san na tafasa, ya san na kuka mai warin mushe da yake faɗowa da sassafe. Ya san na ƙuduji, wanda manomi yake tsine wa, alhali duk gonar babu abin da ya kai shi kyau. Da Ramlat ta sa shi a guruf ɗin, ya ɗauka ya tarar da irinsa.

Ga yadda guruf ɗin yake. Kowa ya turo hoton fure, saura su duba su faɗi ra'ayinsu. Ranar Juma'a da yamma shugaban guruf, Malam Zainulabidin, malamin makaranta a Bolewa, ya zaɓi hoto ɗaya ya sa shi a fuskar guruf, ya zauna har mako. Abin da Baba Jalo yake nema ke nan, ba komai ba: Juma'a ɗaya rak, furen daji ɗaya ya hau fuskar nan, kowa ya buɗe waya ya gan shi. Juma'a sama da ɗari biyu ta wuce, Guzuma ba ta samu ko ɗaya ba.

Abin da ta samu shi ne gyara. In ta ce “tilin”, Baba Jalo ya sa tabarau ya bi saƙon da yatsa.

“Baba, fure ya yi kyau, amma mene ne wancan baƙin a bayansa?” In ji Murjanatu, mai shagon magani, wadda ta fi kowa hawa fuskar guruf.

“Kashin jaki ne, 'yata. A kansa ya tsiro.”

“Haba Baba! Ina cin abinci fa.”

Malam Zainulabidin kuwa kullum karatunsa ɗaya ne. “Baba, gwani ba ya barin baya ya fito. Baya dishi-dishi ake so, fure kaɗai ya fito. Ka kori ƙudan nan. Ka kau da ledar can. Sannan ka daina ɗauka daga tsaye kamar mai duba awaki, ka sauka ƙasa, ido da ido da fure.”

Sau ɗaya Baba Jalo ya bi su yawon ɗaukar hoto, a harabar wani masauki mai shuke-shuke. A nan ya ga abin da bai manta ba. Rana ta take, babu raɓa ko ɗigo. Malam Zainulabidin ya ciji ledar ruwan fiya wata, ya cika baki, ya kumbura kumatu, ya fesa wa furen kamar mai guga yana fesa wa riga. Suka rufu a kai suna ɗauka. Da Juma'a ta zo hoton ya hau fuskar guruf da sunan raɓar asuba. Mutum goma sha bakwai suka yabi yawun malamin makaranta. Baba Jalo ya shafa bayan Guzuma a aljihu, ya gode wa Allah da bai bari ta ɗauka ba.

Yanzu ga yadda ajali ya zo.

Ranar Laraba da safe, ƙarshen daminar nan, Baba Jalo ya bi ta bayan rumfunan mahauta, can gefen kasuwar shanu, zai gai da wani tsohon abokin kiwo. Akwai kwata a wurin. Mai rubuta sanarwar nan ba zai tsawaita a kanta ba, don wataƙila wani yana karantawa da kwano a gabansa. Ya isa a ce jini yana shiga, ruwan wankin tumbi yana shiga, abin da ke cikin tumbin ma yana shiga, kuma babu abin da yake fita. Samanta yana motsi ba iska ba. Ƙudajenta koraye ne, manya, ba sa tashi don mutum ya zo.

A bakin kwatar, daga ciki, wani ya jefar da ƙahon saniya. Duman kada, wannan mai yaɗo da yake bin bakin ruwa, ya shiga ta gindin ƙahon, ya bi cikinsa a duhu, ya fito ta tsinin da ya fashe. A nan ya yi fure ɗaya, shuɗi-shuɗi da jaja-jaja, buɗe kamar bakin algaita. Ƙaho yana busa fure. Baba Jalo ya tsaya har ya manta da hancinsa. Ya ce a ransa, wannan ko Zainulabidin bai isa ya ƙi shi ba.

Sai ya tuna da karatun nan: ido da ido. Ido da ido da wannan fure kuwa sai an shiga kwatar.

Ayuba mahauci yana zaune yana raba kitse da hanji, ya ga tsoho yana cire takalmi.

“Baba Jalo, lafiya? Wani abu ne ya faɗa maka?”

“Riƙe mini wannan, ɗana, in naɗe wando.”

“Ciki za ka shiga? Wallahi ko karen kasuwar nan zagayawa yake yi.”

“Kare bai ga abin da na gani ba. Riƙe.”

Ayuba ya karɓi wayar da hannu biyu, don ladabi. Hannuwan nan yanzu suka fito daga kitse. Ya riƙe ta gaba da baya, babban yatsansa a kan idon kyamara, har Baba Jalo ya gama naɗe wando ya zura ƙafa. Abin ya kai masa ƙwauri, da ɗumi, kuma akwai masu rai a ciki da suka zo gaishe shi. Ya karɓi Guzuma, ya sunkuya har gemunsa ya kusa taɓa ruwan, ya saita, ya danna. Ta ce “ƙyas”. Ta sulɓe daga yatsunsa kamar sabulu. Ta ce “culum”, maganar da ba ta taɓa yi ba.

Da ƙugiyar rataye nama Ayuba ya lalubo ta. Robar nan da ake yi mata dariya ita ƙugiyar ta kama.

A gida, Hajjo matarsa ta tare ƙofa da zani a hanci.

“Malam, mushe ka taka ko mushen ne ya taka ka?”

“Guzuma ce ba lafiya.”

“To ita da wandon nan a zaure za su zauna. Kai ma sai ka ga bayan sabulu.”

An yi wa marigayiya duk abin da ake yi. An goge ta, an shanya ta, an binne ta a kwanon ɗanyar shinkafa don ta tsotse ruwan. Shinkafar ta tsotsi abin da ta tsotsa, aka watsa wa kaji, kaji suka duba suka wuce. Ranar Juma'a da safe ta farfaɗo. Rabin fuskarta ya zama kore, ɗaya rabin yana rawa, muryarta ta shaƙe. Baba Jalo ya gane irin wannan sauƙin, ya sha ganinsa a wurin shanu. Bai ɓata lokaci ba. Ya lalubi guruf, ya danna hoton ƙarshe, ya tura ba tare da ya iya ganinsa ba. Ta yi wani “kirr” a maƙogwaro, ta rufe ido.

Ranar Asabar Zarami ya buɗe cikinta. Wani farin abu ya leƙo daga ramin caja, ya miƙe, ya kama hanyarsa a kan tebur. Zarami ya ja kujera baya.

“Baba, sai haƙuri. Har katin ajiyar hotunan ya ruɓe. Don Allah ɗauke ta, ina da kwastomomi.”

Da la'asar ɗin ranar, Keke Napep ya tsaya a ƙofar gida, Malam Zainulabidin ya sauko yana washe baki, waya a hannu.

“Baba, albishir! Tun jiya muke nemanka. Ka hau fuska!”

Baba Jalo ya sa tabarau. Ya karɓi wayar. Shekara huɗu yake jiran wannan.

Abin da ya gani wani jirwaye ne mai shuɗi-shuɗi a tsakiya, kewaye da farin hazo, kamar an shafa shuni a jikin faranti mai maiƙo. Babu kwata. Babu ƙuda. Ba a ma gane ganyen furen.

“Ina ƙahon?”

“Wane ƙaho, Baba? Duba bayan nan, dishi-dishi, tubarkalla! Abin da nake gaya maka ke nan shekara da shekaru. Murjanatu ta ce kamar mafarki. Mutum talatin sun yaba. Ana tambaya a lambun wane masauki ka ɗauka, kuma me ka sa wa kyamarar.”

“Kitse.”

“Na'am?”

“Kitsen hanjin saniya, daga yatsan Ayuba mahauci. Cire shi, ɗana. Ka sa na ƙudujin nan na bara, ko na tumfafiya mai kashin jaki. Kowanne ka ga dama.”

Malam Zainulabidin ya sosa ƙeya. Ya ce ai waya ba ta da wuri, yakan share na baya duk wata. Ya tambaya a guruf nan take ko akwai wanda ya ajiye tsofaffin hotunan Baba. Aka yi ta amsawa, kowa da uzurinsa. Babu ko ɗaya. Hotunan da Guzuma ta ɗauka da idonta garau, shekara huɗu, sun bi ta. Wanda ta ɗauka da ido a toshe, tana faɗawa cikin ƙazanta, shi kaɗai ya rage a duniya, kuma dokar guruf ta ce zai zauna a fuska har Juma'a, da sunan Baba Jalo a ƙasansa.

Baba Jalo ya juya gefe ya tofar da yawu. Bai tofar ba lokacin da yake tsaye cikin kwatar.

Marigayiya ta bar caja guda, mai ɗaurin salatif a wuya, wadda har yanzu tana rataye a bango tana jira. Ta bar layin waya, wanda ya tsira da ransa, yana zaune cikin kwalin ashana. Ta bar roba ɗaya, da wando ɗaya da Hajjo ta ce ba zai sake ganin cikin gida ba. Ta bar tsoho ɗaya da har yanzu in ya ga fure a bakin hanya sai hannunsa ya tafi aljihu.

Ga tsarin binnewa. Limamin unguwa ya ja wa Baba Jalo kunne cewa waya ba a yi mata salla, kuma Baba Jalo ya yarda, don haka babu salla, babu sadakar uku. Za a sa ta a rami ranar Litinin da ƙarfe bakwai na safe, a bakin kwatar da ke bayan rumfunan mahauta, taku biyu daga ƙahon. A kiyaye lokaci. Duman kada ba ya jiran kowa, kafin azahar ya rufe bakinsa, kuma an duba jiya an ga saura ƙunshin fure biyu a tsinin ƙahon.

Ana gayyatar kowa, amma mutum talatin ɗin nan da suka yaba, su dole ne. Murjanatu za a ba ta sahun gaba, ta ga mafarkin da idonta. Malam Zainulabidin zai sauka ƙasa, ido da ido, ya zo da wandon da ba ya so. Ba a yarda da hankici a hanci ba. Ba a yarda kowa ya zo da ruwa a baki ba. Za a tsaya shiru a kalli furen yadda Allah ya yi shi, da ƙahonsa, da ƙudansa, da abin da yake bayansa.

Ba za a ɗauki hoto ba. Wanda duk ya fiddo waya, Ayuba ne zai riƙe masa ita, kuma ya yi alƙawarin ba zai wanke hannu ba.