Ranar da Na Yi wa Motar Baba Dillanci

Ba zan taɓa mantawa da wannan Talatar ba, ko na so in manta ma yaran garejin Sale ba za su bar ni ba. Laifina bai taka kara ya karya ba idan aka faɗe shi da baki: na ga wani mutum mai gogaggiyar riga yana zagaya motar Babanmu, na ɗauka mai saye ne. Shi ke nan fa.

Bari in fara da faɗin halina, don kada ku ce na ɓoye. Shekarata goma sha shida, kuma ina da ciwon ƙara wa magana gishiri. Idan na ga kifi kamar tafin hannu a bakin ruwan Yelwa, kafin in iso gida ya kai tsawon tabarma, kafin in isa makaranta ya haɗiye kwalekwale. Inna takan ce, "Auta, raba maganarga kashi huɗu, ka ba ni ɗaya, ka riƙe sauran." Ni kuwa ban taɓa ɗaukar abin a matsayin ƙarya ba. Ado nake yi wa labari.

Baba malamin makaranta ne da ya yi ritaya. Da kuɗin sallamarsa ya sayi mota ta hannu, ruwan toka, mai dogon baya. Kullum da safe shi ke goge ta da kansa da wata tsohuwar singileti, ko mu 'ya'yansa ba ya bari mu jingina da ita. Yayarmu Hadiza, wadda ke aikin jinya a Birnin Kebbi, ita ta dage sai an yi wa motar cikakkiyar inshora.

A garinmu inshora takarda ce da ake miƙa wa jami'an hanya ta taga, su duba su dawo da ita. Yawancin mutane ƙaramar suke yi, wadda ake kira ta ɓangare na uku. Yaya Hadiza ta yi mana bayani a tsakar gida tana lissafi da yatsu: mai mota ne na ɗaya, kamfani na biyu, wanda ka buge shi ne na uku. Shi za a biya diyya, kai kuma ka ja motarka ka gyara da aljihunka. Cikakkiyar kuwa har taka motar za a gyara, ko ta ƙone ko an sace ta za a biya, sai dai kuɗin da ake biya duk shekara ya ninka na ƙaramar sau da yawa. (Ta kuma karanta wasu sharuɗɗa daga takardar. Ina wurin. Ina wasa a waya.)

Maƙwabcinmu Alhaji Tanko, mai shagon kayan kamun kifi irin su koma da ƙugiya, ya yi wata guda yana tsokanar Baba a majalisa. "Malam, ka ɗauki kuɗi ka ba mutanen da ba ka taɓa gani ba, kana jiran su tuna da kai? Ni da ka ba ni, ko kifi na aiko maka." Baba ya yi murmushi kawai ya ce lokaci zai nuna.

Lokacin ya zo ranar da suka je suna a Wara, shi da Inna da Gwaggo. A hanyar dawowa shanu suka ratso titi, Baba ya kauce, motar ta daki kwalbati. Allah ya kiyaye, ba wanda ya ji ciwo sai kwanon wainar Gwaggo. Amma gaban motar ya lotse, lagireto ya fashe, fitilu suka tarwatse. Baba, da yake malami ne, ya bi komai layi-layi. Ya kai rahoto wurin 'yan sanda ya karɓi takarda, ya kira kamfanin a ranar kamar yadda aka sharɗanta, ya ɗauki hotuna, ya cike takardar neman diyya da rubutunsa mai kyau. Aka jawo motar garejin Sale bakanike. Kuɗin gyaran da Sale ya faɗa ya fi ƙarfin fanshon Baba nesa ba kusa ba. Ko kamfani ya biya, ko motar ta tafi ke nan.

Ni duk wannan bai shiga kunnena sosai ba. Abin da na ji shi ne, wata rana bayan cin abincin rana Baba ya yi ajiyar zuciya ya ce wa Inna, "In abin ya gagara, sai in saida ta in huta." Wannan jimlar kaɗai na ɗauka na sa a aljihu.

Ranar Talata ina dawowa daga makaranta Baba ya ce, "Tafi gareji ka ce wa Sale ina nan tahe bayan Azahar. In baƙo ya iso, ya jira ni." Baƙo. Mota. Sayarwa. Nan take kwanyata ta haɗa lissafi, ta ba ni amsa, na kuma yarda da ita.

Na tarar Sale ya tafi sayo kayan gyara, sai yaransa. Ga baƙon kuwa, siriri mai tabarau, da ɗan littafi a hannu, yana leƙa ƙarƙashin motar yana ɗaukar hoto. Na ga yadda yake girgiza kai, na ce a raina, wannan so yake ya karya mana farashi. Ba a gabana ba.

"Sannu da zuwa, Yallaɓai. Ni ne ɗan mai motar."

"Madalla. Ka san motar sosai ke nan?"

"Na san ta? Yallaɓai, kada wannan lotsewar ta ruɗe ka. Wannan ba mota ba ce, jaki ce mai taya. Duk ranar kasuwa mutum goma sha huɗu take ɗauka zuwa Ngaski, ban da yara."

Ya ɗago kai. "Goma sha huɗu? 'Yan gida?"

"Wane irin 'yan gida? Fasinja! Kowa da kuɗinsa. Ta dawo da kwandon busasshen kifi takwas a baya, biyu a sama. Duk wanda ya same ta, cikin wata uku ya mayar da kuɗinsa."

Ya rubuta. Ni kuwa ganin yana rubutu sai na ji kamar ana kaɗa mini kalangu. Ba a taɓa rubuta maganata ba, ko malamin Hausa jan biro kawai yake sa mata.

"Wa ke tuƙa ta?"

"Baba, in yana jin daɗi. In ya gaji, ni."

"Kai? Kana da lasisi?"

Na yi dariya irin ta manya. "Lasisi ai takarda ce, Yallaɓai. Ni da nake kai ta Shanga in dawo kafin shayi ya huce?"

Ya tambayi shekaruna, na faɗa masa gaskiya (ita kaɗai ce gaskiyar da na faɗa a ranar, ita ma ba ta taimaka ba). Ya tambayi sunana, har da gyara masa rubutu. Yaran gareji sun daina aiki suna kallona baki buɗe, na ɗauka burge su nake yi.

Sai ga Alhaji Tanko ya goyo Baba a babur, Sale na biye da su. Baba ya sauko da fayil ɗinsa a hammata, ya miƙa hannu biyu.

"Sannu da hanya. Kai ne kamfanin inshora sunka turo duba ɓarna?"

Wallahi ashe ba mai saye ba ne.

Mutumin ya amsa gaisuwa cikin ladabi, sannan ya buɗe littafinsa. "Malam, kafin mu shiga maganar gyara, akwai abin da zan karanta maka. Takardarka ta ce motar ta amfanin gida ce, ba ta haya ba. Ta kuma ce wanda ke da lasisi kaɗai zai tuƙa ta. Ga abin da ɗanka ya shaida mini." Ya karanta duka. Goma sha huɗun, kwanduna goma, Shanga, har da shayin. A bakinsa, ba dariya ba ado, maganar ta fito tsirara kamar kazar da aka fige.

Baba ya juyo a hankali. "Mi kac ce mishi?"

"Baba, na ɗauka saye zai yi."

"Wa yac ce maka saida ta nika yi?"

Na juya wurin mutumin na fara rantsuwa. "Yallaɓai, wallahi ƙarya nake yi! Ni maƙaryaci ne, kowa ya sani! Tambayi kowa a nan!" Ku duba fa: ni da na shekara ina faɗa da duk wanda ya kira ni maƙaryaci, ga ni tsakiyar gareji ina neman shaidu.

Kuma na samu. Sale ya dafa ƙirji ya ce, "Ranka ya daɗe, wanga yaro in ya ce maka rana ta fito, ɗauki tocila." Wani yaron gareji ya ce na taɓa ce musu na ga dorina tana cin tuwo. Har Alhaji Tanko, wanda na zata zai yi dariya, bai yi ba. Ya ce, "Shekara ashirin muna maƙwabtaka da Malam, bai taɓa lodin fasinja ba. Yaron ga kuwa bakinai ya fi shi girma." Ban taɓa jin daɗin zagi irin na ranar ba. Ina gyaɗa kai ina cewa a ƙara.

Mutumin ya saurara, sannan ya ce a buɗe bayan motar. Aka buɗe. Ƙarnin kifi ya yi mana sallama, ga ɓawon kifi maƙale a kafet.

"Malam," ya ce, "inshora a kan gaskiya take tsayawa. Abin da ka faɗa mana ranar da ka yi ta, a kansa muka yanke kuɗin da kake biya. Motar haya kuɗinta daban, sharuɗɗanta daban. Zan tambaye ka abu biyu. Ka taɓa ɗaukar kaya aka ba ka kuɗi?"

Na zuba wa Baba ido ina roƙonsa a zuci. Kalma ɗaya ce, a'a. Ni da zan ara masa guda ɗari.

"Sau biyu," in ji Baba. "Ƙanena ya sa in ɗauko mishi kwandon kifi daga bakin ruwa. Ya sa min mai."

"Yaron nan ya taɓa tuƙa ta?"

"Sau ɗaya. Daga gindin darbejiya zuwa ƙofar gida. Ina tsaye."

Ya rubuta wannan ma, a ƙarƙashin nawa. Ya ce shi ba ya yanke hukunci, rahoto kawai zai kai, amma dole ya kai abin da ya ji da abin da ya gani. Ya yi sallama ya tafi.

Na jira mari. Da an mare ni da na samu sauƙi. Baba ya rufe bayan motar a hankali, ya sa hannun rigarsa ya goge wani ɗan datti a gilashi, ya ce wa Alhaji Tanko su tafi. Ni na tako a ƙasa, yaran gareji na bi na da "Direba! Saura mutum ɗaya Shanga!"

A gida Inna ba ta ce in raba magana kashi huɗu ba. Cewa ta yi, "Auta, yau kam an ɗauka duka." Yaya Hadiza ta kira, ta yi minti goma tana magana, ni ina riƙe da waya nesa da kunne. Ta rubuta wa kamfanin ƙorafi, ta ce ranar hatsarin suna aka je, ba haya ba, kuma mai lasisi ne ke tuƙi. Ni ma an sa na rubuta takarda da hannuna cewa duk abin da na faɗa ƙarya ne, na sa hannu. Ina jin ni kaɗai ne a Yauri da ke da shaidar ƙarya a rubuce.

Abin da na koya? Kafin ka yabi kaya, tambayi mutum abin da ya kawo shi. Kuma duk wanda ka ga yana rubuta maganarka, ba burge shi ka yi ba. Shekara da shekaru ina jin haushi ba a yarda da ni, rana ɗaya tak aka yarda, ita ce ta cinye mu.

Bayan mako shida amsa ta zo. Sun ce an yi amfani da motar saɓanin sharaɗi kuma ba a sanar da su ba, don haka ba za su biya ba. Baba ya karanta sau biyu ya sa a fayil. Da damina ta kama, ya sayar da motar ga masu kayan gyara, suka kwance ta a garejin Sale. Yanzu kabu-kabu yake hawa zuwa karɓar fansho. Singiletin tana nan rataye a ƙusa a zaure, ba wanda ya cire ta.