Rawa a Kan Kwanon Surukai

Ko na tsufa na manta sunana, ba zan taɓa mantawa da ranar da na ja kebul a gidan surukaina na Lolo ba. Lokacin ina neman auren Rashida, kuma ban daɗe da dawowa daga Birnin Kebbi ba, inda na ɗan koyi gyaran kwamfuta. Abokai suka laƙaba mini Injiniya, ni kuma na karɓa hannu bibbiyu, har da ɗan gyaran murya in an kira.

Yayar Rashida tana aure a Kumasi, ta haifi ɗanta na fari. Hajiya, mahaifiyarsu, ciwon ƙafa ya hana ta tafiya, ga idonta ba ya ganin hoton waya sosai. Sai mijin yayar ya aiko da rauta, wato ɗan akwatin nan da ake sa wa layin waya ya ba da intanet, don a haɗa da tsohuwar kwamfutar gidan da babbar talabijin, Hajiya ta ga jikanta ranar suna. Alhaji, mahaifinsu, ya kira ni zaure.

"An ce kai ka san kan wanga abu. Za ta gan shi kuwa?"

"Baba, ai ƙaramin aiki ne," na ce. "In sha Allahu har gashin kansa sai ta ƙirga." (Wa ya aike ni da maganar gashi? Oho.)

Wanda ya san Lolo ya san halin sabis ɗinmu. Kana zaune a ƙasarka, wayarka ta tsallaka Benin ba ko sallama. A gidan Alhaji sai an hau rufi an fuskanci Bagudo ake samun na gida. Na yanke shawarar ɗaure rautar a jikin gorar eriya da ke saman kwano, in sa mata batirin caji, in jawo kebul daga can zuwa kwamfuta, tunda tsohuwar kwamfutar ba ta kama intanet ta iska.

To, awo fa? Mai neman aure ba ya wuce zaure, balle ya shiga tsakar gida yana ja da igiyar awo a gaban uwar yarinya. Sai na zagaya bayan katanga na yi ta taku kamar mai sayen gona, na kimanta a kaina. Na hau babur zuwa Bagudo aka yanko mini kebul shuɗi, aka matse masa kawunan roba gaba da baya. Mai shagon ya ce in ƙara tsawo kaɗan saboda tsaro. Na dube shi na ce na auna.

Ranar suna gida ya cika. Gwaggonnin Rashida sun tsallako daga Benin, Dendanci da Hausa sai tashi suke. Na zo cikin shadda mai sitati, na tuɓe takalmi a ƙofar zaure kamar yadda ɗan mutunci yake yi, na gaida Alhaji. Rashida ta karɓi kan kebul ɗaya ta shiga da shi rumfar da aka ajiye talabijin. Ni kuma na jingina tsani ta waje, na ɗaga murya na ce, "Za a hau sama!" don mata su kimtsa. Na haye da ƙafata haka, wai ai yanzu zan sauko.

Na soka kebul a rauta, ya ce ƙyas. Na nufi gora, sai na ji an riƙe ni. Na ja, ya ƙi. Tsakanina da gorar bai fi kamu biyu ba, amma kebul ya ƙare. Na manta gidan yana da kwana, na manta bango yana da tsawo. Na ajiye rautar a kan kwano, fitilarta ta yi ja. Na ɗaga ta sama da kaina, ta yi kore. Kafin in yi wani tunani sai na ji guɗa daga ƙasa.

"Ga shi nan! Hajiya, ga shi nan!"

Na ɗan sauke hannu don in gyara tsayuwa, sai muryar Rashida: "Wayyo, hoton ya tsaya! Don Allah kar ka motsa!"

Jama'a, rana ta take, kwano ya ɗau zafi, ni kuma ba takalmi. Da farko na daure irin ta maza. Can na ɗaga ƙafar dama. Na ajiye ta na ɗaga ta hagu. Kafin ka ce me, ina ta canza ƙafa da sauri, kwano yana amsawa, ƙwam ƙwam ƙwam, hannuwa biyu a sama, babbar riga tana kaɗawa. Na so in diro, wallahi na so. Amma ina jiyo Hajiya tana cewa, "Juyo mini da shi, in ga goshin. Allah sarki, goshin babana ne." Wa zai sauke hannu a nan?

Kakar Rashida ce ta fara ɗaga kai. Tsohuwar nan da ma ba ta raga mini.

"La ilaha! Ku dubi mijina! Mi ya yi zafi haka? Tun ba a ba ka ba ka fara rawa?"

Tsakar gida gaba ɗaya ta juyo. Wata gwaggo ta kifa ƙwarya ta fara kaɗa mini, daidai da takuna kuwa, sauran suka ɗauki tafi. Alhaji ya fito daga zaure da baƙinsa, ya sa hannu ya kare rana, ya dube ni ya daɗe, sannan ya koma ciki. Na ji kamar kwanon ya tsage in faɗa. Haka na ci gaba da tsalle har aka gama nuna jariri, aka gaisa da dangin Kumasi ɗaya bayan ɗaya (kuma Allah ya yi su da yawa).

Da na sauko ban nemi kowa ba, na rataya takalmi a hannu na hau babur. Na riga na sallama Rashida a raina. Washegari sai ga ta ta aiko mini da man kaɗanya a ɗan gwangwani, da saƙon Hajiya: in shafa a tafin ƙafa, kuma in gaya wa manyana Alhaji yana jiransu.

Yanzu in zan yanko kebul sai na auna da igiya, na bi kowace kwana, na ƙara tsawo, kuma ko rufin wa zan hau da takalmina nake hawa. Hajiya kuwa har yau ba ta haɗa ido da ni, irin kunyar surukai. Sai dai duk ranar da na durƙusa gaishe ta, ƙafata take kallo, ta ja mayafi ta toshe baki, kafaɗunta suna girgiza.