Yadda Na Gai da Baba Liman a Kan Babur Mai Ƙafa Huɗu

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da na so in manta, da wata Juma'a cikin damina da na je gyaran babur a wani ƙauye gaba da Fakku. Mantawar ma ba a hannuna take ba, don har gobe idan na shiga ƙauyen akwai tsofaffin da ba su san sunana na yanka ba. "Barka-da-yamma" kawai suke kirana.

A lokacin ina saurayi, ina gyaran babura a Tambuwal, a rumfar maigidana Sidi da ke bakin hanyar Sakkwato. Rumfa ce ta langa-langa a gindin darbejiya, ƙasan wurin ya sha baƙin mai har ya daina tsirar ciyawa. Rediyon Sidi na rataye a reshe, mai ƙosai na gefe, 'yan kabu-kabu daga Dogon Daji suna zuwa su baje mana labarin duniya kyauta. Wallahi ina kewar wurin nan. Sidi mutum ne mai ƙarancin magana, kuma karatunsa ɗaya ne kullum: "Abin da bai yi kuka ba, kak ka taɓa shi." Ni kuwa ina ganin wannan maganar tsofaffi ce waɗanda hannunsu ya fara rawa. Ina jin kaina sosai a lokacin (idan babur ya wuce sai in faɗi ciwonsa daga jin ƙara, ko ba wanda ya tambaye ni).

To, ina neman Rabi, 'yar limamin wancan ƙauye. A gidan gwaggonta na Tambuwal na fara ganinta. Manya sun kai gaisuwa an karɓa, amma sa rana ya ƙi zuwa. Wanda ya tokare ƙofar shi ne Baffa Modi, ƙanen Liman, wanda ya rantse cewa makanikai duk 'yan tasha ne, babu mai natsuwa a cikinsu. Shi kuwa Baba Liman bai ce e ba, bai ce a'a ba, ya ce dai a dakata ya ga kamun ludayin yaron. Wannan dakatawa ta hana ni sakat.

Ana haka sai babban ɗan Liman da ke aiki a Legas ya aiko masa da wani tsohon babur mai ƙafa huɗu, irin mai faffaɗan tayoyi da ke ratsa laka da yashi. Gwiwoyin Liman sun fara ba shi wahala, ga gonarsa ta shinkafa can cikin fadama, inda damina ke mayar da hanya kunu. Babur ya yi 'yan kwanaki yana aiki, sai ya yi shiru. Aka tura shi bayan zaure ya zama dokin yara.

Rabi ce ta kira ni. "Ka iya gyaran irin wanga kuwa?"

"Haba Rabi, ai irinsu nika gyara kullum," in ji ni. (Ban taɓa ganin irinsa ido da ido ba, sai a bidiyon waya.)

Da na gaya wa Sidi, ya daɗe yana goge hannu da tsumma kafin ya ce, "Inji dai inji na. Duba mai, duba wuta, duba iska. In ya tashi, ka baro musu abinsu ka dawo gida."

Na ce to. Na ɗaure akwatin sifanu a bayan babur ɗina, na naɗe farin kaftani da wandonsa mai faɗi da hula a leda, na kama hanyar Kebbe da sassafe. Gero ya yi tsayi dama da hagu, hanya duk taɓo, amma ni a raina tuni na ga Baffa Modi yana ba ni haƙuri.

Gyaran kansa ba wani abu ba ne. Zanzaro ne ya gina ɗakinsa a mashaƙar iska, ga man 'yan bumburutu da aka zuba rabinsa ruwa. Na rushe gidan zanzaro, na tsiyaye tanki, na wanke kafireta, na sa sabon filogi. Kafin hantsi ya dubi ludayi inji ya ɗauka, gwanin daɗi. Yara suka yi ta ihu. Daga cikin gida aka aiko mini da fura mai sanyi, kuma na san hannun da ya dama ta.

Da a nan na tsaya, da yau da sunana na yanka ake kirana.

Amma ina. Ina shan fura ina kallon kan babur, sai idona ya faɗa kan totur ɗinsa. Ba irin namu da ake murɗawa ba ne, wani ɗan harshe ne kamar bakin cokali da ake dannawa da babban yatsa. Abin ya ba ni haushi. Na ce yanzu babban mutum kamar Liman zai hau abin hawa yana danne-danne kamar mai sauya tashar talabijin? Babur ai murɗa shi ake yi. Na zaro hannun totur da wayarsa da nake yawo da su a akwati, na cire na Turawa na ɗaura namu. Wayar ta ɗan gaza tsawo, sai na ja ta na ɗame. Na kuma ga wata ƙusa da aka sa don kada injin ya wuce wani gudu, na ce wannan rowa ce, na kwance ta. Burki kuwa, cikin ɗokin ƙawata totur, ko taɓa shi ban yi ba.

Na gwada shi a miƙaƙƙiyar hanyar bayan gari. Lafiya lau. Da zan juyo ma ban karya kai ba, ribas na sa, don daɗin da nake ji wai ga ni a kan babur mai tafiya da baya.

Bayan la'asar dattawan gari suka baje tabarmi a gindin tsamiyar ƙofar gidan Liman, kamar yadda suka saba ran Juma'a. Takalmansu jere a gefe, butoci a gefe. Liman na tsakiya da mayafinsa a kafaɗa, Baffa Modi na damansa yana jan carbi kamar mai jiran a yi laifi. Yara sun cika ɗaya gefen filin, mata kuma na leƙe ta kafar zana.

Kowa ya san yadda mai neman aure ke zuwa gaban surukai: ya sauka daga nesa, ya tuɓe takalmi, ya tsuguna, ya sunkuyar da kai. Ni ma haka na shirya, sai dai na ƙara wa abin gishiri. Zan taho a hankali cikin farin kaftani, in karya kan babur dama, in tsayar da shi a gicciye yadda kowa zai gan shi, sannan in sauka in miƙa makulli da hannu biyu.

Na taho a hankali kamar yadda na tsara. Na karya kai dama.

Abin da ban sani ba shi ne, idan aka karya kan har ƙarshe, gajeriyar wayar nan da na ɗame tana jan kanta da kanta. Injin ya kurma wani ihu, gaban babur ya ɗaga, hulata ta yi nata wuri. Na saki totur, bai san na saki ba. Na matse burki, ya tafi ɓulus kamar na matse tuwon jiya. Makulli na nan gaban hancina, amma wallahi a wannan lokacin ko sunan uwata aka tambaye ni sai na yi tunani. In miƙe kan babur, ko dai in afka wa dattawa ko in afka wa yara. Sai na ƙanƙame shi a karye, muka shiga kewaya filin kamar akuyar da aka ɗaure a turke.

Ga inda abin ya fi ba ni kunya. Duk zagayen da na yi sai na bi ta gaban Liman, kuma tarbiyyar gidanmu ba ta yarda in wuce suruki ba gaisuwa ba. Bakina ya buɗe da kansa.

"Barkanku da yamma!"

"Barka kadai," dattawa suka amsa, suna tattare ƙafafu.

Na tafi na dawo. "Malam, an wuni lafiya?"

Wannan karon ba kowa ya amsa ba, don tayar baya ta bi ta kan jerin takalma ta kuma murƙushe buta. Wasu sun miƙe sun kama tsamiya.

Na sake dawowa. "Ya ruwa?"

Wani tsoho mai nauyin kunne, wanda duk a zatonsa haka ake nuna sabon gyara a birni, ya ɗaga hannu ya ce, "Ruwa sun yi gyara, samari! Sannu da aiki!"

Daga nan ne jikina ya tuna cewa ni ɗan babur mai ƙafa biyu ne. Mu idan abu ya rikice, ƙafa muke saukewa ƙasa. Na sauke ta dama, na manta akwai wata ƙatuwar taya a bayana, ga marfinta ya karye tun a hanyar Legas. Allah ya tsare ƙafar, amma haƙoran tayar suka cafki bakin wandon nan mai faɗi. Na ji mazagi ya ce ɗas. Wando ya zame, ya yage, ya bi taya ya naɗe a sarƙa. Shi ne ma ya shaƙe injin, ya yi tari ya mutu, daidai gaban tabarmar Liman.

Ga ni zaune a sama, kaftani ya tattare a ƙugu, ba komai a ƙasa sai gajeren wandon aiki da ya sha baƙin mai, da ƙwaurina biyu kamar karan dawa. Daga bayan zana na ji dariyar da aka toshe da mayafi, kuma na gane mai ita. Da ƙasa ta tsage a lokacin da na gode mata.

Baffa Modi ne ya fara magana. "To, jama'a. Ga natsuwa nan kun gani."

Liman ya dafa ƙasa ya miƙe da ƙyar saboda gwiwa, ya tako har inda nake, ya zare mayafin kafaɗarsa ya miƙo mini.

"Ɗaura, ɗana," ya ce a hankali. Sannan ya dubi kan babur ya dube ni. "Wanga hannu ba shi munka sani ba. Ka mayar mishi da abin da kac cire."

Haka na tsuguna a gaban duk garin, ɗaure da mayafin liman kamar mai shirin wanka, na mayar da ɗan harshen nan, na mayar da ƙusar, na gyara burki, na yanko ragowar wandona daga sarƙa. Ban tsaya sallama da Rabi ba. Duk tsawon hanyar Tambuwal ina ce wa kaina shi ke nan, na kashe aurena da sifana lamba goma.

Da na ba Sidi labari, mutumin da ban taɓa ganin haƙorinsa ba sai da ya zauna a kan taya yana share hawaye. Da ya samu numfashi ya ce, "Totur ɗin ya yi kuka?" Na ce bai yi ba. Ya miƙe ya koma kan aikinsa.

Na yi kwanaki ko abinci ba ya mini daɗi, idan waya ta yi ƙara gabana ya faɗi. Sai ga saƙo daga ƙauye wai manyana su zo a sa rana. Na ɗauka zolaya ce. Sai bayan biki Rabi ta ba ni labarin yadda aka yi, don tana bayan zana ta ji komai. Bayan tafiyata Baffa Modi ya ce wa yayansa, "Ka dai ga abin da nika faɗi."

Liman ya ce, "Na gani, Modi. Na ga yaro abu na yawo da shi, bai saki kai bisa yara ba, bai saki bisa tsofaffi ba, kuma bai wuce ni ba gaisuwa ba ko sau guda. Rawar kai tana faɗawa in an girma. Wagga ɗabi'a kuwa ba a saye ta kasuwa. A ba shi."

Baba Liman ya yi shekaru yana zuwa fadama a kan babur ɗin nan, rawani a kai, yana danna ɗan harshen da babban yatsa, tafiyar da ko jaki zai iya wuce shi. Duk damina ni nake zuwa in duba masa mai da wuta da iska, in sha fura in koma. Bai taɓa tayar mini da zancen ba. Iyakarsa idan na tsuguna gaisuwa ya ce, "Ya ruwa?" yana murmushi cikin gemu. Allah ya ji ƙansa. Sidi ma ya riga mu gidan gaskiya, rumfar tasa yanzu shagon cajin waya ce. Babur na nan bayan zaure, tayoyi sun sace, kaji na ƙwai a ƙarƙashinsa, kuma ba na iya wuce shi ban tsaya na shafa kansa ba.

Mayafin yana nan a akwatina. Na taɓa kai masa a wanke a goge, ya ce in riƙe, wai makanike bai san ranar da zai sake buƙata ba.

Yanzu ni ke da tawa rumfar, kuma duk wanda ya zauna koyon aiki a wurina ya gaji da jin karatun Sidi: abin da bai yi kuka ba, kada ka taɓa shi. Sai dai ni na yi masa ƙari daga abin da na gani da idona. In har ka san ba za ka ji wannan magana ba, kuma gidan surukai za ka, to ka sa mazagi mai ƙwari.