Yadda Za Ki Rasa Kayan Jego a Jirgin Maleshiya

Ke da 'yarki ta haihu a Maleshiya, kika ɗaure yaji da kanwa da daddawa za ki jego, matso kusa. Ki bi matakan nan, na yi miki alkawari kafin ki ga fuskar jikanki kayanki sun tafi sun bar ki. An gwada a kan wata Hajiya Baiwa ta Matameye, mace mai cikakken hankali, kuma ya yi aiki.

1. Ki raina surukinki

Zai tare ki a filin jirgi, kamar yadda Fahad, mijin autarta Najaha, ya tari Hajiya. Zai ce, "Inna, jirgin ƙasa za mu shiga, don Allah ki tsaya kusa da ni." Ki harare shi. Ke da kika shekara arba'in kina hawa motar Damagaram, ɗan lakwal, yaron boko, ne zai koya miki tafiya? Ki bar shi yana kokawa da akwati, ki ɗauki jakar jego ki yi gaba.

2. Ki kama wuri

Nan ne gwanintar take. A tasharmu, in mace ta ɗora kayanta a kujera, wurin ya zama nata. Ta koma gida ta yi azahar, ta leƙa barkar suna, ta dawo ta tarar ana jiran mutum biyu. Haka za ki yi. Ƙofa na buɗewa ki shiga, ki zaɓi kusa da taga, ki ajiye jaka, ki ce wa na kusa da Hausa, "Ɗan nan, da mutum a nan." Zai yi murmushi. Duk murmushi suke yi, kada ki yarda da shi.

Sai ki fito ki ɗaga wa surukinki hannu.

3. Kada ki waiwaya in kin ji ƙararrawa

Hajiya ta ji "tin-tin", ta ɗauka wayar wani ce. Ta juyo ta ga ƙofa ta rufe kanta, jirgi ya ja, kujeru fiye da rabi babu kowa. Rabi! Wane marar tsoron Allah ke tashi da mota ba ta cika ba?

4. Ki nemi direba

Ki kama rigar mai kayan sarki, ki ce a kira miki direba. Fahad ya iso yana haki, ya ce, "Inna, wannan jirgin ba shi da direba."

"Ya gudu ke nan?"

"A'a, Inna, dama babu shi. Na'ura ce."

"To karen motar fa?"

"Shi ma babu."

"To uban wa zan zaga?"

(Ki lura: ƙasar da babu wanda za a zaga, ba a gama gina ta ba.)

5. Ki isa hannu biyu

Najaha ta buɗe ƙofa da jinjiri a kafaɗa. "Inna, ina kanwar?" Kwana uku mai jego na shan ruwan shayi da biredi, uwarta na zaune kamar baƙuwar da ta zo kallo. Duk wanda ya bugo waya daga Matameye, "Ya kunun kanwa?" Ki ce layi ba kyau.

6. Ki karɓi kayanki, ki ƙi haƙuri

Rana ta huɗu aka kira su wani biro, ofishin kayan tsintuwa. Wani mutum ya fito da ƙyalle a hanci, riƙe da jakar cikin leda uku, ya miƙo ta daga nesa. Hajiya ta kwance a gabansa. Yaji na nan, kanwa na nan, daddawar garin Kance ko ƙwaya ɗaya ba a taɓa ba. Kwana uku jaka tana zaga gari, dubban mutane na shiga suna fita, a rasa mai kwaɗayin gutsira? Wannan cin mutuncin ya fi na farko zafi.

Mutumin ya dafa ƙirji ya ba da haƙuri. Hajiya ta ce, "Kai ka ja jirgin? To koma, turo wanda ya ja."

A ranar Najaha ta sha kunu kwano biyu, nono ya kawo, jinjiri ya yi barci har da minshari.

Gargaɗi

Duk abin da ya same ki, babu ruwana, ban aike ki ba. Amma in kin je kika yi sa'a kika ga direban nan, ki ce masa Hajiya Baiwa ba ta yafe ba. Gidana na bayan tasha, mai ƙofa shuɗiya, ya zo da ƙafarsa.