Ɗanlasan da Manhajojin Wanke Hoto

Mu uku ne a gidan: ni, da maigidana da ido ya bari, da ɗanmu Ɗanlasan, mai shekara talatin da ɗaya. Ba shi da mugunta. Abin da ka ce masa shi zai yi, ba ragi ba ƙari. Wurin aiki shida aka sallame shi. Na bakwai shi ne shagon hoton Malam Ƙasimu na bakin tasha, shi ma cewa ya yi, "Inna, sati ɗaya zan gwada shi."

Wai kyamarar shagon ba ta fitar da hoto kai tsaye, sai an bi da shi ta manhaja a kwamfuta kafin a wanke. Manhajar biyu ce, ta kuɗi da ta kyauta. Aikin Ɗanlasan ya gano wadda ta fi.

Wata rana Malam Ƙasimu ya ce, "Gwada su a kan hoto ɗaya." Kwana uku Ɗanlasan yana kan hoton wata akuya.

"Har yanzu?"

"Ɗaya ka ce, Malam."

Ranar tuwo bai shiga cikina ba.

Wata rana kuma aka ce masa kada ya bar tabo a fuskar kowa. Ya goge zanen Gobirancin Hajiya Tabawa tas. 'Ya'yanta suka daɗe suna kallon hoton, sannan babban ya ce, "Wannan baiwar Allah wace ce?"

Wata rana, saura kwana biyu satin ya cika, Malam Ƙasimu ya wanke hoton wani suna da kowace manhaja, ya ce, "Tunda ka kasa zaɓa, je ka tambayi masu hoton." Mutum arba'in ne a ciki. Ɗanlasan ya bi su ƙauye uku a ƙafa, ni kuwa ina ta leƙen ƙofa.

Ya dawo, na bi shi shagon, muka tarar Malam Ƙasimu ya shirya sallamarsa. Ɗanlasan ya ce jama'a ta kyauta suka zaɓa, don ta kuɗin ta yi musu bilicin. Kuma kowa ya ce a wanke masa nasa, har da masu neman a zo musu ɗaukar hoton biki.

Malam Ƙasimu ya gyara hula. "To, an gama ke nan."

"Saura jaririn, Malam. Bai ce komai ba."

"Sai ka zauna ka jira shi."

Ɗanlasan ya ce to, ya ja kujerarsa. Ni da na yi goyo na san shekara biyu ke nan. Na koma gida na ci tuwona.