Nonon Dare da Ɗaurin Auren Rabi

Ba za ni taɓa mantawa da cutar da Isiyaku taubashina ya yi mani ba. Shi ya ɗora ni kan shan nono da dare, shi kuma ya tsaya gaban mata ya yi shelar abin da nonon ya yi mani, ranar da ya kamata in ba da auren ɗiyar yayana da bakina.

Ni mai facin taya ne a tashar Sabon Birni. Aji huɗu na firamare na tsaya, shekaruna sun kusa hamsin, kuma tun ina yaro ban taɓa yin jiki ba. 'Yan kabu-kabu Karan Dawa suke ce mani (a bayan idona wai, amma ina ji). Ban damu ba sai da auren Rabi ya taso. Ubanta, yayana Mamman, ya rasu a Tozai shekara shida da sunka wuce. Uwa ɗaya uba ɗaya muke, don haka ni ne waliyyinta, ko malamin da bai gama Ahalari ba ya san wannan. Amma sai na fara jin ƙishin-ƙishin wai matan gida sun fi son Alhaji Bello ɗan baffanmu ya zauna gaban liman, don shi ke cika riga, ni kuwa in na sa babbar riga kamar an rataye ta a ƙusa. Maganar ta tsaya mani a wuya.

Isiyaku ɗan gwaggona ne, a Isa yake da shagon cajin waya. Bayan shagon ya zuba siminti cikin bokitan fenti, ya soka ƙarfe a tsakiya, shi da samarin unguwa suna ɗagawa safe da marece. Damtsenshi ya kai cinyata. Na je na same shi saura sati uku biki, na faɗa mashi damuwata a asirce.

Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Taubashi, kai fa ba gyara kake so ba, sabon gini ne."

Na ce, "Bawan gidanmu, ban zo wasa ba."

Sai ya jawo waya ya nuna mani wani ƙato yana magana da Turanci. Ya ce ƙaton na cewa jiki da dare yake ginuwa, lokacin da mutum ke kwana. Wai akwai wani furotin cikin nono da ke narkewa sannu-sannu har asuba, shi ke ciyar da tsoka. Kofi ɗaya na kindirmo da dafaffen ƙwai biyu kafin a kwanta, da rana kuma a ɗaga ƙarfe.

"Cikin wata nawa?" na tambaye shi.

"Wata uku za ka fara gani."

A kan babur ina komawa gida na yi lissafi irin namu na aji huɗu. In kofi na aiki cikin wata uku, ƙwarya za ta yi shi cikin sati uku. Ɗaga ƙarfe kuwa na ce ai wanda ke cire tayar tirela da hannu ya gama ɗaga ƙarfe. (Gaskiya rabona da tayar tirela an daɗe, duk babura ne.)

Na shirya da Dije, wata Bafulatana da ke shigowa daga wajen Burkusuma, kullum ta aje mani ƙwarya guda. Bayan isha'i in ci tuwona, in zauna bakin gado in ɗaga ƙwarya, in bi da ƙwai biyar da ƙuli-ƙuli. Uwar yara ta yi ta kallona kwana biyu, ran na uku ta ce, "Malam, ko maruƙa ba su sha haka."

Na ce ta bar abin da ba ta da ilimi a kai. Daga ranar ta ɗauki tabarmarta ta koma ɗakin yara, wai cikina na hana ta kwana.

Sati biyu na duba damtsena, yana nan yadda na san shi. Ciki kaɗai ya turo gaba, na zama kamar tsinken da anka soka wa gauta. Na buga wa Isiyaku waya, ya ce, "Ci gaba, Taubashi, ta ciki gini ke farawa." Ina jin samari na dariya a bayanshi, na ɗauka wasan ƙwallo suke kallo.

Jajibirin biki Dije ba ta zo ba, shanunsu sun ƙetara iyaka neman ciyawa. Maimakon in haƙura da dare ɗaya, sai na ce ba ni karya magani ranar ƙarshe. Na sayi tsala, tsinkakken nonon nan mai tsami, wurin wata mai fura a bakin tasha, irin wadda ta kwana uku an dama ta da kuka. Tsaminta kaɗai ya isa ya yi wa mai hankali gargaɗi. Na toshe hanci na shanye, har na ƙara rabin ƙwarya don gobe a ga cika.

Da safe na sa shaddata fara, na hau babur zuwa Tozai. Wanda ya san hanyar ya san ramukanta. Yadda Fulani ke kaɗa nono cikin gora don fidda mai, haka babur ɗin nan ya yi da ni. Kafin in isa na tsaya bayan geza sau ɗaya, na ce shi ke nan an sallami baƙo.

An shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidan marigayi, jama'a maƙil. Anka zaunar da ni tsakiya, gwiwata na taɓa ta liman, wakilin ango na gabana, Alhaji Bello na bayana yana ta gyara hannun riga. Liman kuwa tsoho ne mai son wa'azi. Ya fara daga Annabi Adamu. Bai kai ga haƙƙin miji a kan mata ba cikina ya yi wani ƙugi da ya sa wakilin ango ya ɗaga kai ya dubi sama, alhali rani ne. Na matse. Zufa ta jiƙa hulata. Na roƙi Allah da duk addu'ar da na haddace, har da ta shiga kasuwa.

Liman ya ɗan tsaya ya sha ruwa. Ni kuwa na ɗauka an zo wurin, sai na ce da ƙarfi, "Na ba da, na ba da, na ba da."

Liman ya ce, "Malam, ai ba su roƙa ba tukuna."

Ban tsaya jin sauran ba. Na tattare riga na miƙe, na taka faifan goro, na tsallake dattawa biyu, na fizge butar wani. Ban ɗakin gidan kuma a can ƙurya yake, dole sai ka ratsa tsakar gida. Nan mata suke, dangin ango da namu, ana tuƙin tuwo. Haka na ratsa su ba takalmi, babbar riga a kafaɗa, buta a hannu, ba sallama.

Ina tsugune bayan zana sai na ji muryar Isiyaku a tsakar gida, ya ɗaga ta yadda har maƙwabta za su amfana.

"Taubashi, liman ya ce yanzu sun roƙa. Ka ba da ko ba ka ba da ba?"

Kowa ya san ba a magana a wannan wuri, shi ma ya sani. Na yi gyaran murya.

Ya juya ya ce wa mata, "Kun ji, ya yi gyaran murya, amma ban san ta wane gefe ta fito ba. Ku yi mashi uzuri, gina jiki yake, ƙwarya guda yake sha kowane dare."

Wata tsohuwa ta yi dariya har ta saki muciya.

Sau biyu ina fitowa, sau biyu ina komawa kafin in kai zaure. A na uku liman ya aiko cewa rana na yi, baƙi na da nisa, in ba ni iyawa in wakilta wani. Na tsaya daga bakin zaure, dafe da bango, na ce na wakilta Alhaji Bello. Da bakina na faɗa. Lokacin da maroƙi ya yi shelar an ɗaura, ina bayan zana, ko hannu ban samu ɗagawa na shafa fatiha ba.

Da marece Rabi ta sa anka kawo mani ruwan gishiri da sukari. Ta leƙo daga cikin lulluɓi ta ce, "Baffa, ni fa ban taɓa cewa ba ka cika riga ba." Wannan ta fi dariyar matan ciwo. Abin da na koya ke nan, ya zo a makare: da na zauna da ƙasusuwana yadda Allah Ya jera su, da an yi gulma ta kwana ɗaya an manta. Yanzu ko taron suna na je sai wani ya matso mani da buta kusa.

Bayan kwana goma Isiyaku ya turo babur ɗinshi rumfata, ƙusa ta huda mashi taya. Yana murmushi ya ce, "Taubashi, har yanzu fushi? Ni fa kofi na ce maka."

Na cire tayar, na yi facin, na hura iska. Sannan na miƙe na dube shi ido cikin ido na ce, "Kofi ka ce, gaskiya ne. Ƙwarya aikina ce, tsala ma aikina ce, don haka rabin cutar ni na yi wa kaina. Na zauna na duba wannan rabin, na yafe wa kaina. Rabin naka kuwa, na shela gaban mata, ka riƙe shi da kyau, sai mun haɗu gaban Allah."