Amanar Amaryar Bulus

Ko zan manta da komai na zaman New York, ba zan taɓa mantawa da ranar bikin Bulus ba, ranar da na karɓi makirufo da hannuna na kunyata kaina gaban jama'a.

A lokacin ina aikin kula da wani tsohon Bature a Manhattan. Kullum da yamma sai na kunna masa wani daɗaɗɗen fim na yaƙi, baƙi da fari, wanda dattawan Amurka suka sani sarai. Wani saurayi ne zai tafi fagen daga. A tashar jirgin ƙasa ya kama hannun amininsa, ya ce ya riƙe masa amanar budurwarsa, aminin ya dafa ƙirji yana hawaye. Daidai nan lokacin tashina yake yi, sai in suri jakata in ruga kada jirgin ruwan Staten Island, tsibirin da nake zaune, ya bar ni. Rabin nan kam na haddace shi. (Akwai ranar da na yi ƙwalla, na ce wa tsohon mura ce.)

Bulus aminina ne tun muna Jos, da muka zo New York ma ɗaki ɗaya muka zauna a unguwar Park Hill kafin ya shiga sojan Amurka. Zai auri Tanya, Ba'amurkiya, kuma ba da daɗewa ba za a tura shi aiki ƙasar waje. Ni ne babban abokin ango. Me ya fi fim ɗin nan dacewa da jawabina?

A zauren liyafa a unguwar Port Richmond na miƙe cikin babbar riga, na fara zuba Turanci. Da na ambaci sunan fim ɗin, na ga dangin amarya sun ɗago kai, na ce a raina, to, an burge su. Na juya wajen ango.

"Bulus, tafi hankalinka kwance. Abin da aminin nan ya yi wa budurwar abokinsa, shi zan yi wa Tanya, har ma fiye!"

Tanya ta toshe baki. Kakarta, da ke zaune kusa da ni, ta ja hannun rigata.

"Ɗana, ka kalli fim ɗin har ƙarshe?"

"Kaka, na kalli... mafi yawansa."

"Aminin nan ƙarya ya yi mata, ya ce saurayin ya mutu, ya aure ta. Sojan ya dawo da ƙafa ɗaya ya same ta da goyo."

Makirufon yana daidai bakinta. Har masu rabon abinci sun ji.

Mahaifiyar Bulus, wadda ta taso tun daga Jos, ba ta jin Turanci sosai. "Me ya faru ne? Me ya ce?" Ƙanwata, da ke zaune kusa da ita, ta fassara mata tsaf, ba ta rage ko kalma ɗaya ba. (Har yau ina riƙe da ita.)

"Yesu!" in ji Mama. "Kai da ka girma da tuwon gidana?"

"Mama, ba haka nake nufi ba..."

Bulus ne ya zare makirufon daga hannuna, yana dariya har da hawaye. "Fasto, don Allah a sa ni cikin addu'a, in dawo da wuri, kuma da ƙafafuna biyu."

Zauren ya fashe da dariya. Ni kuwa na zauna na zuba wa shinkafata ido har aka tashi.

Duk tsawon tafiyar Bulus ban taka ƙofar gidansa ba. Ko saƙo zan kai wa Tanya, ƙanwata nake aika. Ya dawo lafiya lau, muna nan da amincinmu, sai dai in ya kira ni ba ya gaisuwa, "Maci amana, kana ina?" yake farawa da shi.

Yanzu in aka miƙo mini makirufo a biki, "Allah ya ba da zaman lafiya" nake cewa, in nemi kujerata.